Yadda Za Ka Mayar wa Motar Surukinka Launinta Kafin Ya Dawo

Na san halin da kake ciki. Surukinka ya yi tafiya, ya bar maka makullin tsohuwar motarsa koriya, wadda ta girmi matarka, ya ce ka riƙa zuwa kana tayar da injin kawai. Kai kuma zuciya ta raya maka ka ɗan zaga unguwa a gan ka. Wajen shigowa, ginshiƙin get ya gaisa da ƙofar gefen fasinja, gaisuwa mai tsawo, tun daga madubi har mariƙi.

Tun da ka auri 'yarsa, mutumin nan "yaron nan" yake ce maka. Ranar da ya miƙa maka makullin ne ya fara cewa "ɗana". Kalmar nan ce ke shirin kuɓuce maka. Kwantar da hankalinka, ka bi matakan nan. Na yi maka alkawari, ko wanda ya ƙera motar ba zai gane an taɓa ta ba.

1. Bar yawu ya huta

Kowa da shi yake farawa. Za ka lashi yatsa ka goga, kurjewar ta ɓace, ka yi hamdala. Yawu na bushewa ta dawo, har da wata ƙarama da ba ka gani ba ɗazu. Man shafawa ma haka. Kada kuma ka kusanci fentin farcen matarka, masana sun tabbatar laifi ɗaya ya fi biyu sauƙin ɗauka.

2. Faɗa wa matarka, amma a tsaye kusa da ƙofa

"Motar Baba?" za ta ce.

"Ita."

"Wadda mu da ya haifa ba mu isa mu jingina da ita ba?"

"Ai kaɗan ne."

"Allah ya ba ka haƙuri, Abban yara. Ni ban ji ba, ban gani ba. Amma Mama ta kira ni tun kana ƙoƙarin goge wurin da hularka. Ta taga take kallonka."

Kada ka firgita. Surukuwar da ta gani ta yi shiru, ajiya ta yi. Ranar cirewa ce ba ka sani ba.

3. Nemi mai fenti, ka kai masa motar da kanta

Zaɓi wanda ba a gane asalin launin rigarsa. Kada ka nuna masa hoto a waya, waya maƙaryaciya ce, ita ce ke mayar da kai fari tas ranar da ka fi kowa gajiya. Kada kuma ka ce masa "kore ne".

"Wane koren, maigida?" zai tambaye ka. "Na ganyen da ya sha ruwa, ko na wanda akuya ta shinshina ta wuce?"

Zai buɗe murfin tanki ya leƙa bayansa, inda rana ba ta taɓa shiga ba. Zai ɗiga shuɗi, ya ɗiga ruwan ƙwai, ya juya, ya fesa a jikin wani guntun ƙarfe, ya kanga shi da bonet. Za ka ga sun yi hannun riga. Kada ka yi ihu. Launin da mota ta zo da shi daban, wanda rana ta bar mata daban, kamar hotonka na aure da fuskar da kake yawo da ita yanzu. Wanda rana ta bari shi za a bi.

A rana ake duba launi, ba a ƙarƙashin kwan lantarki ba, kuma sai ya bushe. Ɗanyen fenti kamar sabon ango ne, halinsa na gaskiya sai an kwana biyu.

4. Idan Baba ya kira, ɗauka

Wanda bai ɗauki waya ba ya riga ya amsa laifi. Fita bayan gareji, ka gyara murya.

"Ɗana, kana tayar da ita?"

"Kullum, Baba."

"Wace ƙara nake ji haka?"

Injin feshi ne. Ka ce na markaɗen maƙwabta ne.

"To madalla. Ka bar ta yadda nake ajiye ta, gefen fasinja na kallon bango. Kada ka juya min ita."

Ka ce to. Shekara da shekaru haka yake ajiye ta, kowa ya ɗauka rigimar tsufa ce. Riƙe wannan a ranka.

5. Tsaya a kan mai fenti lokacin da yake gurza ƙofar

Nan labarin zai juya. Zai sa sanfefa, takardar gurza, kore ya fara tashi, sai ka ga ya dakata. A ƙarƙashi ba ƙarfe ba ne, farin ƙullu ne irin wanda ake cike lotsawa da shi, ya tsufa har ya tsage.

"Maigida, ka ce ba a taɓa yi wa motar nan fenti ba?"

"Haka Baba ke faɗa wa duk baƙon da ya zo. Ya ce yadda ta fito daga kamfani haka take."

"To ƙofar nan ta taɓa kwana a wurin irinmu. Dubi tsayin wurin, daidai da taka kurjewar. Ginshiƙi ɗaya ne ya yi aikin." Zai kai ka ga gefen da bai gurza ba. "Kuma wanda ya fesa bai dace da launin ba. Ka ga ta fi 'yan'uwanta duhu?"

Yanzu ka gane dalilin bango.

Mai hankali zai ce a mayar da ƙofar yadda take, da duhunta. Gwada ka gani. Mai fenti zai ajiye gwangwani ya dube ka sama da ƙasa.

"Ni in zauna in haɗa kuskuren wani da hannuna? A ga motar a titi a ce daga nan ta fito? Kai ta gaba."

Babu gaba, Baba na hanya. Bar shi ya yi aikinsa. Ƙofar za ta fito ta saje da sauran jikin motar kamar tare aka haife su, kuma wannan ita ce sabuwar matsalarka.

6. Ajiye ta a bango, ka ajiye fuskarka

Ranar da ya dawo, kafin ya sha ruwa zai nufi motar. Zai shafa bonet, ya duba taya, sannan ya matsa ta ɗan lungun da ke tsakaninta da bango. A nan zai daɗe. Kada ka yi tari. Kada ka yabi yanayin gari.

Ya gani, babu shakka. Amma lissafa da kyau: in ya ce ƙofar ta canza, sai ya faɗi yadda take a da, ga kuma Mama zaune a baranda tana tsintar wake.

Mama ce za ta raba gardama, ko ɗaga kai ba za ta yi ba.

"Malam, na ga ƙofar nan taka ta warke. Tun ina goyon matar yaron nan take fama."

Baba zai yi gyaran murya, ya shiga motar, ya fita da ita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Zai juyo da ita ya ajiye, gefen fasinja na kallon titi, inda duk mai wucewa zai gani. Sannan ya fito ya miƙo maka makullin, idonsa na wani wuri.

"Ɗana, ginshiƙin nan mugu ne. Gobe ka nemo magini."

Karɓa da hannu biyu. Kada ka yi murmushi sai ka fita layin.

Gargaɗi

Wannan hanya tana aiki ne kawai idan surukinka ya riga ka gaisawa da ginshiƙin. In aka gurza ƙofar aka tarar da ƙarfe garau, fentin kamfani, to ni ban san ka ba, mai fenti bai san ka ba, matarka ma ta riga ta faɗa maka matsayinta. Duk wanda ya koma "yaron nan" sanadiyyar shawarata, ya kai ƙararsa wurin ginshiƙi.