Ranar da Na Manta Ina Cikin Kwamfutar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da tsufa ya sa na manta sunayen jikokina. A lokacin ina aiki a wani ƙaramin ofishi na manoman rani a Talata Mafara, shekarun da aka taso da gyaran hanyoyin ruwan Bakolori. Aka kawo mana kwamfutoci, aka tura ni Sakkwato wani ɗan kwas, na dawo ina jin kaina kamar ni na ƙera intanet. Babban abin da na koyo shi ne yadda zan zauna a Mafara in shiga kwamfutar ofishinmu ta Maradun, in ga allonta a gabana, in yi aiki cikinta kamar ina can. Mutane suka laƙaba mini Injiniya (ban taɓa gyara musu ba).

A daidai wannan lokaci ina neman auren Saudatu, 'yar wani malami a Bakura. Malam mutum ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya, amma idan ya buɗe karatu bayan La'asar, sai kiran Magariba ke rufe shi. Babban ɗansa ya aiko masa da kwamfuta da modem na shiga intanet, yana ajiye karatuttukan da ake ɗauka a ciki. Ni kuwa neman shiga nake, sai na ce, "Malam, ai ba sai ana kai ta wurin mai gyara ba. Daga Mafara ma zan riƙa duba muku ita."

Na je na sa mata manhajar da ke haɗa kwamfuta biyu, na saita ta yadda da ta hau intanet zan iya shiga, na haddace lambarta da kalmar sirri. Malam ya yi ta sa mini albarka. Na koma gida kaina na neman fasa hula.

Maganar hula kuwa, bari in faɗi gaskiya tun yanzu. Ina da sanƙo. Ba irin ɗan wanda ke leƙowa daga goshi ba, fili ne sosai, tun ban kai talatin ba. Shi ya sa ba a taɓa ganina a Bakura ba hula ba, kuma na tabbata a raina babu wanda ya sani.

Ranar Talatar, da hantsi, Malam ya kira ni. Bayan mun gaisa, an tambayi gida da aiki da iyaye da gajiya, sai ya ce, "Injiniya, na'urar ga ta yi shiru, ba ta hidda murya. Ga ƙanena Sani ya taho daga Maradun da mutanenai, ina son su ji karatun da anka ɗauka."

Baffa Sani shi ne waliyyin Saudatu, wanda maganarsa za ta tsayar da rana ko ta rushe komai. Na ce yau ce ranar nuna kai. Na shiga kwamfutar Malam, na buɗe allonta ya cika nawa allon gaba ɗaya, na gyara muryar nan da nan. Ta waya ina jin ana cewa, "Ikon Allah, kibiyar da kanta take tahiya!" Muka yi sallama cikin girma.

Ban kai ga fita daga kwamfutar ba shugaban ofishinmu ya leƙo, wai wasu manoma sun zo da ƙorafin ruwa bai kai gonakinsu ba. Ranar kasuwa ce, ofis ya cika. Muka daɗe ana ka-ce-na-ce, daga nan na sha fura a bakin ƙofa, na dawo na zauna a kujerata. Allo na nan yadda na bar shi, shuɗi, irin nawa sak. Ɗan layin da ke nuna kana cikin wata kwamfuta ya ɓuya a can sama (ni da hannuna na saita shi ya riƙa ɓuya, wai don kada ya tsare mini gani).

Babu aiki, babu kowa a ɗakin. Sai na buɗe wurin bincike na rubuta: maganin sanƙo mai aiki da sauri. Hotunan kawuna suka fito, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙara girmansu, ina neman wanda ya yi kama da nawa. Da ban gamsu ba na sake rubutawa: shin mace tana fasa aure idan ta ga sanƙo?

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma na tuna Juma'a zan je Bakura, kuma ba makawa sai na zauna karatu. Sai na rubuta, harafi bayan harafi: yadda za ka hana kanka barci a gaban suruki mai dogon wa'azi.

Kafin in taɓa komai, kibiyar allon ta motsa. Na jawo ta, ta koma. Na ɗaga linzamin kwamfutar da ake jan kibiyar da shi na hura ƙasansa, na buga shi a tebur, har ina tsaki. Sai na ga rubutuna yana gogewa daga ƙarshe, a hankali. Wasu haruffa suka fara fitowa, ɗaya, shiru, sannan wani, irin rubutun mai danna madannai da yatsa guda:

"Ka riƙa cin goro."

Na kai kibiya sama, layin nan ya sauko, ga sunan kwamfutar Malam ɓaro-ɓaro, sunan da ni na sa mata. Wallahi sai da na ji gumi ya tsattsafo ƙarƙashin hular. Na fizge modem ɗina na jefa cikin aljihun tebur na rufe, kamar hakan zai goge abin daga idanun mutanen Bakura.

Da yamma Saudatu ta kira. Na yi ta kallon wayar kafin in ɗauka.

"Injiniya, ya aiki?" Muryarta na rawa, ban sani ba kuka ne ko dariya.

"Saudatu, su wa suka gani?"

"Ka ce su wa ba su gani ba. Suna zaune suna sauraren karatu, sai kawuna sunka cika allo. Baffa Sani shi yak karanta da ƙarhi saboda na baya su ji. Har Inna ta taso daga madahi."

Na ce, "To shi ke nan, a ba ni haƙuri, na san maganarmu ta ƙare."

"Wace magana? In sanƙo ne, duk gidanmu an sani. Kai a zatonka sa'ad da kake alwala a ƙofar gida, ƙannena rufe ido suke in ka zo shafar kai? Ta wa'azin ce dai ban san yadda za ka yi ba."

Kwanakin da suka rage ban ci abincin kirki ba. Na yi tunanin in ce zazzaɓi ya kama ni, na yi tunanin neman canjin wurin aiki zuwa Gusau. A ƙarshe mahaifiyata ta ce in tashi in je, wanda ya yi ɓarna da hannunsa ba ya aika wani ya ba da haƙuri.

Na isa bayan an sauko Juma'a, na tuɓe takalma tun daga nesa, na durƙusa. Malam ya amsa gaisuwata kamar kullum, bai rage tambaya ko ɗaya ba. Na fara, "Malam, don Allah a yi mini aikin gafara," sai ya ɗaga hannu.

"Ɗana, ka fi ɗalibaina gaskiya. Su barcin suke yi, ba su neman magani."

Baffa Sani ya ce, "Ni dai tuɓe hular ga mu ga abin da aka wahala a kai." Na tuɓe. Ya leƙa, ya tuɓe tasa, ashe nawa yaro ne. Zauren ya ɗauki dariya, ni kaɗai nake neman ramin shiga. Malam ya miƙo mini goro manya guda biyu, sannan ya buɗe littafi. Ranar karatun har ya so ya taɓa Isha'i, kuma ko ƙiftawa ban yarda na yi ba.

An ɗaura auren bayan girbin shinkafa. Har yau idan na shiga Bakura, akwai masu tambayata ko an dace da maganin.

Abin da na koya, wanda ba a gaya mana a kwas ba, shi ne kwamfutar nesa ɗakin mutane ce. In ka shiga ka yi abin da ya kawo ka, to ka fita ka ja musu ƙofa. Kuma duk tambayar da ba za ka iya yi a zauren surukinka ba, ka fara duba saman allo ka ga a gidan wa kake zaune.