Yaƙin Sallau Tela Ranar Rabon Waya

Wannan labarin Sallau ne ɗan Barmo, jikan Mati Mai Almakashi, tsatson mazajen da allura ba ta taɓa sa su kuka ba. Sallau sarkin telolin ƙasan Benen Alhaji Tsoho, dodon yadi, mai alƙawarin kayan Sallah a karɓa bayan Sallah.

A shekarar da gwamnati ta yi shela a rediyo cewa ta ware kuɗi domin a kai wa kowane bene na tsakiyar birni waya mai intanet, wadda gudunta ya fi walƙiya, sai zuciyar sadauki ta kumbura. Ya hukunta cewa mutumin da hukuma za ta ba sabuwar waya bai kamata a gan shi da tsohuwar wayarsa ƴar tocila mai ɗaurin roba ba. Ya ɗauke ta har da layin da duk masu ɗinki ke nemansa da shi, ya aika wa surukarsa Iya Tabawa kyauta. Ta zaga unguwa tana sa masa albarka.

Da ranar fatahi ta zo, ya yi ɗamara da tef ɗin awo, ya kafa hular ɗaurin aure, ya tare bakin bene, ya ture mai gyaran agogo, ya zungure mai sayar da katin waya, alhali bayin Allah shagunansu kawai za su buɗe.

"Kowa ya bi bayana!" in ji shi. Ba wanda ya bi.

Sai ga rundunar ɗan kwangila, ƙanin matar kansila, da tsani da diga. Suka haƙa rami a ƙofar shagonsa, suka jawo wata baƙar igiya suka haura da ita sama, inda manya ke da ofisoshi da janareta. Ƙasan bene, da ya manta kamannin wutar lantarki, ko leƙe bai samu ba.

Da la'asar, rana ta gasa shi, yunwa ta kewaye shi, gwarzo ya tari babbansu.

"Ranka ya daɗe, ina tawa wayar?"

Mutumin ya dubi ƙasa. "Baba, ai a kanta kake tsaye. Ɗaga ƙafarka, ta gwamnati ce."

Sadauki ya ɗaga ƙafa.

Kunya ba ta bar shi ya je gaban surukarsa neman a maido kyauta ba. Har yau duk mai biɗar ɗinkinsa in ya kira, Iya Tabawa ce ke ɗauka.

"Sallau? Ayya ɗana, ai ya wuce wannan layin. Sai dai ka nemi lambarsa wurin gwamnati."