Yadda Za Ka Riƙe Motar Lantarki Mai Ƙaramin Batir Ba Tare da Asirinka Ya Tonu Ba

Ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin duk unguwar Garki za a riƙa ce maka oga. Na koye su ne daga abokin aikina Nasrullahi, wanda ya gwada su da kansa.

1. Zaɓi batir

Dillali zai ce maka babban batir yana kai ka nesa, amma yana da nauyi da tsada. Ƙarami ba nauyi, ga araha, sai dai ba ya nisa. Ɗauki ƙarami. Ba wanda ke leƙa ƙarƙashin mota. Fenti ake kallo.

2. Yi wa mutane wa'azi

Duk layin mai da ka wuce, rage gudu, girgiza kai. A ofis ka ce, "Ni fa na manta farashin fetur." Kada ka faɗi cewa da janareta kake caji a gidanka na Mpape.

3. Kada ka ƙi manya

Ranar da shugabarku, Madam Perpetual, ta ce, "Nasrullahi, gobe kai za ka kai ni biki a garin Jiwa, ina so in ɗana motar nan," ka ce to. Takardar ƙarin girmanka tana kan teburinta. Ko an kwana ba wuta, batir na rabi, ka ce to.

4. Kashe esi

Sanyi yana shan caji. Idan Madam ta fara fifita da katin biki, sauke gilashi ka ce, "Ranki ya daɗe, iskar Allah ta fi lafiya." Kashe rediyo ma. Ka ce kana son jin shawararta.

5. Yaƙi nauyi

A Jiwa za su ba ta buhun doya, ƙawayenta biyu kuma za su ce a rage musu hanya. Kowace doya kilomita guda take cinye wa batir. Nasrullahi ya ce, "Madam, doyar bana ba ta da daɗi." Ta ce, "Buɗe but." Ya buɗe.

6. Idan ta tsaya, ba ta suna

Motar ta mutu wa Nasrullahi da su Madam a kan hawa, rana tsaka. Kada ka ce caji ya ƙare. Ka ce, "Tana sabunta kwamfutarta ne." Madam ta jira minti arba'in, sannan ta kira Zacharias na ofishinmu. Ya iso da tsohuwar motarsa mai hayaƙi, ya kwashe mata uku da doya. Kafin su tafi ta leƙo ta taga ta ce, "Idan ta gama karatun, ka gaishe ta."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a zufa, kuɗin janwe ko ciwon bayan turi. Duk mai ƙorafi ya rubuta shi a takarda ya kai wa sabon mataimakin darakta, Oga Zacharias. Nasrullahi ne ke karɓar takardu a bakin ƙofa.