Lambar Filato a Ƙofar Aladu

Ko na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je yi wa motata rajista a Kafanchan ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan rasuwar maigidana na kwaso kayana daga Jos na dawo gida, har da tsohuwar a-kori-kurarsa da muke dakon citta da ita. Ƙaninsa Danjuma tun ba a tashi daga makoki ba ya sa mata ido. "Matarmu, mota ba tukunya ba ce," in ji shi. "Mace ba za ta iya da takardun gwamnati ba." A gaban dangi na ce zan mayar da ita sunana da kaina, in na kasa ya zo ya ɗauki makulli. (Bakina ya fi ƙafata sauri, tun ina yarinya haka nake.)

To ni a ganina, wanda ya bar gari ya bar shi. Me motar da ta dawo jihar Kaduna za ta yi da lambar Filato? Na sa direbana Yohanna ya kwance su, gaba da baya. Kuma ni ba na zubar da ƙarfe mai kyau. Dama uwar aladuna ta cinye katakon ƙofar ɗakinsu, sai na buga lambobin a kan ramin, na lanƙwasa ƙusoshin ta baya.

Ranar zuwa ofishin lasin na ɗaura sabon zanen zumuntar matan cocinmu. Danjuma ya biyo mu, wai rakiya. Rakiyar me? Makulli ya zo jira.

Ma'aikacin, yaro sa'an autana, ya duba takardu, ya leƙa motar ta taga. "Mama, ina tsohuwar lamba?"

"Ɗana, sabuwa na zo karɓa."

"Sai kin dawo da tsohuwar. Mota ba lamba, ta ina zan san ba ta sata ba ce?"

Sata. Ni. Na miƙe tsaye na faɗa masa, yadda duk ofishin zai ji, cewa kwanukan aurena har yau ko ɗaya bai ɓata ba, kuma lambar tana ajiye a wuri mai kyau inda ba mai taɓa ta.

"Ta ɓatar ne, ofisa," in ji Danjuma yana murmushi.

"Ki kawo yau, Mama," in ji yaron. "Kuma kada ta lalace."

A gida Yohanna ya sa guduma, ƙarfen ya fara yagewa. Ƙusoshin nan dai ni na buga su, na san ba za su fita ba. Na ce a cire ƙofar gaba ɗaya. Muka tare aladun da turmi da tsohon kwanon rufi, muka koma ofis da ƙofar. Da muka isa Yohanna ya ce shi dai yana neman aure a garin nan, ba zai ɗauka ba. Na yi gammo na ɗora a kaina.

Wari ne ya riga ni shiga, ƙudaje suka biyo baya. Layi ya dare biyu. Alhajin da yake sayen cittata, mutum mai girmama ni, ya tattara rigarsa ya ce, "Sannu da aiki, Mama," ya fita a hankali. Wannan sannun ya fi zagi zafi. Danjuma kuwa dariya ta zaunar da shi a ƙasa.

Yaron ya toshe hanci, ya karanta lambar daga nesa. "Mama, wurin mai kyau ke nan?"

"Ta ɓata? Ba ta ɓata ba. Rubuta."

Ya rubuta kuwa. Mota ta koma sunana, makulli yana ɗaure a bakin zanena. Danjuma bai samu mota ba, amma ya samu labari, kuma ba bikin da zai wuce bai ba da shi ba. 'Yan ofishin kuma sun riƙe min ƙofa har yau, ƙarfe mai kyau yana can yana tsatsa a banza.

Abin da na koya: kayan gwamnati ko sun mutu nata ne. Kuma yanzu kafin in yi fahariyar inda na ajiye abu, sai na fara wanke shi.