Na'urar da Ta Ce Ba Ni da Yatsu

Jama'a, ranar Lahadin nan na gano cewa ni ba kowa ba ne, kuma ba maƙiyi ne ya faɗa mini ba, na'urar hukuma ce.

Wata bakwai ke nan da na ƙetare iyaka ina aikin birkila. Na koma gida kwana huɗu duba Inna, na bar matata da tsohon ciki a ɗakin haya, cikin mutanen da ko gaisuwarsu ba ta gama iyawa ba. Ɗan kwangilarmu ya ce in bai gan ni ranar Litinin da safe ba, cokalin ginina ya zama na wani. Takardar izinin zamana a ƙasar kuwa a jikin aikin take rataye.

Da na iso iyaka sai na tarar an ci gaba. An gina sabon zaure, ga ƙaton allo da hoton Mai Girma Mai Yanka Ƙyalle yana murmushi, an rubuta cewa minti biyu ka wuce. Awa biyar muka yi a rana muna cin minti biyun nan. Allah ya saka wa manya da alheri. Da can a inuwar bishiya muke jira kamar marasa wayewa, yanzu an sare ta an kafa allon.

Layi ya zo kaina, na ɗora babban yatsa a kan gilashi, fitila ta nuna ja. Jami'in wurin, Ranka-ya-daɗe Mai Hatimi, ya sa na gwada yatsun goman duka. Wata 'yar kasuwa ta miƙo mini man shafawa, wani direba ya ce in goga a goshi. Duk a banza. Shekara ashirin siminti yana cin hannun nan, yatsun sun yi sumul kamar bayan faranti.

Mai Hatimi ya tabbatar mini cewa na'ura ba ta ƙarya. Amma da yake mai tausayi ne, ya ba ni shawara kyauta.

"Malam, koma gida ka huta sati uku, zanen yatsun zai tsiro."

Na ce in na huta, aiki ya tafi, takardar zama ta bi shi. Ya ce to lallai kada in kuskura in fasa zuwa aiki ko na kwana ɗaya. Da na tambayi yadda ake haɗa biyun, sai ya ce wannan tambayar ta wani ofis ce, can ciki bayan an wuce iyaka.

Nan fa dariya ta ƙare mini. Na tuna matata ita kaɗai, in naƙuda ta taso ba ta san ƙofar da za ta buga ba, wallahi tsoro ya kama ni. Na nuna wa Mai Hatimi bangon zauren, na ce duk wanda ya yi filastar nan, shi ma na'urarsa ba za ta san shi ba. Ya ce wannan ba ya cikin fom.

Gab da la'asar aka ɗauke wuta. Janareta kuwa tun ranar buɗe zaure mansa ya ƙare. Da na'ura ta mutu, aka kakkaɓe tsohon littafi, aka lalubo tawada. Na dangwala, abin ya fito baƙin dunƙule, ko layi ɗaya babu. Mai Hatimi ya ƙura masa ido, ya dubi fuskata, ya gyaɗa kai.

"Ƙwarai kuwa, kai ne."

Ya buga hatimi. Litinin da safe na riga ɗan kwangila isa wurin aiki.

Jiya maƙwabcina mai gyaran takalmi yana ta zagin masu wutar lantarki, ya ga ban taya shi ba, ya ce ko sun saye ni ne. Na ce a'a, wata mai zuwa zan je ɗauko Inna ta ga jika, ita kuma shekara arba'in tana wankau, hannunta ya fi nawa sulɓi. Don haka ina roƙon manya da girman Allah: duk abin da za a gyara a iyakar nan a gyara, amma kada wanda ya tuna da man janareta.