Ranar da Baban Hafsat Ya Zo Kallon Ƙungiyata

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a Dubai, shekarun nan da ake ta haƙe tituna za a kafa jirgin metro, ranar da na kwashi dattawa cikin manyan riguna na kai su kallon wasan da ba fili, ba ƙwallo, ba ko ɗan wasa ɗaya mai numfashi. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina aiki a wani ofishin kargo a Al Ras, muna ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya muna lodawa a kwantena. In an tashi kuma ba wurin zuwa sai ɗakin da muke haya mu da yawa a Satwa. Abokina Isufu, mutumin Damagaram da ke aiki a wani sito a Al Warsan, shi ya koya mini abin da ya kusa raba ni da aure. Gasar besbol ce ta kwamfuta. Besbol wasan Amurkawa ne: wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki, ya zaga fili da gudu, in ya dawo inda ya taso a ba ƙungiyarsa maki. To amma a gasarmu kwamfuta ce ke ƙirƙirar 'yan wasan, da sunayensu da shekarunsu har da ciwon da ke damun kowa. Kai dai naka ka zaɓi wanda zai fara, wanda zai huta, wanda za a canja, ita kuma ta buga wasan tana rubuto maka abin da ke faruwa layi bayan layi. (Na san yadda abin yake a kunne. Ni ma dariya na yi wa Isufu ranar farko, sati bai zagayo ba na fara mafarkin masu jifa.)

Ƙungiyata Kurayen Al Ras, tasa Raƙuman Dawa, kuma rukuninmu ɗaya. Duk kakar wasan muna kafaɗa da kafaɗa, har aka zo gab da ƙarshe ya rage karo tsakanina da shi. Wanda ya ci shi ke da rukuni, ya wuce zagayen gaba. Wanda aka ci ya jira baɗi.

A daidai lokacin kuma ina neman Hafsat a Kano. Ita ta san wasan kwamfuta ne, har tsokanata take yi a waya tana ce mini Koci. Sai dai wata rana ta yi maganar a gaban Hajiyarta, Hajiya ta kai wa baban Hafsat, Alhaji Garba, kwamfutar kuwa ta faɗi a hanya. Abin da ya isa kunnen Alhaji Garba shi ne yaron nan yana da ƙungiyar 'yan wasa a Dubai.

Alhaji Garba ɗan kasuwar shadda ne, yakan shigo sari lokaci zuwa lokaci. Wannan zuwan kuwa kowa ya san ba shadda kaɗai ta kawo shi ba. Ba a sa mana rana ba tukuna, domin ya ce sai ya ga zamana da idonsa, ya ji ko ni mutum ne mai magana ɗaya. Na je gaishe shi a masaukinsa da ke Al Ras, na tuɓe takalmi tun daga ƙofa, na durƙusa, na dasa idona a kan kafet. Yana tare da amininsa Alhaji Sale, mutum mai barkwanci wanda tun ranar ya laƙa mini suna Ango.

Bayan doguwar gaisuwa Alhaji ya ce, "An ce kana da ƙungiyar 'yan wasa a garin nan?"

Nan ne fa ya kamata in ɗaga kai in yi bayani. Amma wa ke ɗaga kai ya gyara wa suruki zance a ganin farko? Abin da na iya fitarwa kawai shi ne, "E, Baba, 'yar ƙarama ce."

"Yaushe kuke da wasa?"

"Juma'a, Baba, bayan la'asar."

"To ai sai mu zo mu yi maka kara. Ba ma bar ɗanmu shi kaɗai a ƙasar mutane ba."

Ni kuma, mai hankali, na ce, "Allah Ya ƙara girma."

Da na ba Isufu labari sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Mon frère, ka koma ka gaya mishi gaskiya mana. Mi za ya yi maka?" Na koma ɗin kuwa, ba sau ɗaya ba. Duk zuwan da na yi sai in tarar da shi cikin mutane, in durƙusa, in tambayi gajiya, in tashi. Daga ƙarshe na koma addu'ar Allah Ya haɗa shi da wani ciniki mai daɗi ranar Juma'a ya manta da ni.

Bai manta ba. Ana idar da la'asar ya kira ni masaukinsa, ina zuwa sai ga ƙaramar bas ya yi haya, cike da abokansa 'yan kasuwa, kowa ya sha babbar riga da hula, ƙamshin turare har titi. A cinyar Alhaji akwai wani ƙaton ƙunshi a takarda, mai ya fara ɓullowa ta gefe. Ya ce, "Kilishi ne na taho da shi daga gida. Na 'yan wasanka ne, su ci su ji ƙarfi." Wallahi a nan na ji kamar in buɗe ƙofa in fice da gudu.

Direban, wani Bapakistane, ya tambayi wane filin wasa za mu. Na ce Satwa. Ya kalle ni ta madubi ya ce, "Satwa mafi stadium, habibi." Wato da Larabcinsu, babu filin wasa a Satwa. Na ce ya dai tafi. Muka tsaya tsakanin shagon tela da na aski, na yi gaba, dattawa na biye da ni suna tattare riguna a wani siririn bene. Alhaji Sale yana haki yana cewa, "Ango, ta nan manyan baƙi suke shiga ke nan?"

Muka faɗa shagon intanet ɗin da muke buga wasanninmu. Ɗaki ne guda mai fanka da kwamfutoci a jere, 'yan Filifin suna hira da iyalansu, mai shagon yana shan shayi. Kowa ya juyo yana kallonmu. Isufu yana can kusurwa da shawarma a hannu, da ya ga ayarin sai loma ta tsaya masa a baki.

Alhaji ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "Ina 'yan wasan?"

Na nuna masa gilashin kwamfuta.

Ya sunkuya ya gyara tabarau. "Waɗannan ai sunaye ne. Su mutanen suna ina?"

"Babu su, Baba. Kwamfuta ce ta ƙirƙire su."

Wani daga baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Alhaji yana tsaye riƙe da kilishi, ni kuma na riga na gama sallama da Hafsat a zuciyata, har ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata.

Can sai ya jawo kujerar roba ya zauna kusa da ni. Ya ce, "To tunda mun zo, a fara mana. Ina abokin karawar?" Isufu ya taso yana goge hannu a wando, ya durƙusa ya gaishe su. Alhaji ya miƙa wa mai shagon kilishin ya ce a raba wa duk wanda ke ɗakin. Kafin ka ce me, 'yan Filifin suna ta hura baki saboda yaji suna neman ƙari.

Aka fara wasa, ina karantawa ina fassara musu. Abin mamaki, ba a je ko'ina ba dattawan nan suka shiga ciki. In ɗan wasana ya make ƙwallo sai ka ji "Madalla", in aka fitar da shi Alhaji Sale ya ce alƙalin wasa ya ci hanci. (Alƙalin ma babu shi, amma ban ga amfanin faɗa ba.) Muka shiga zagayen ƙarshe ina gaba da maki ɗaya. Mai jifana, wani da kwamfuta ta sa wa suna Ortega, shi ke jifa tun farko, kuma alamarsa ta koma ja, wato ya gaji liƙis. Isufu yana da mutum ɗaya a fili da ke jiran ya ƙarasa zagaye, ga babban mai dukansa ya fito. Ko ɗan koyo ya san lokacin canji ya yi. Na kai hannu zan cire shi.

Alhaji ya ce, "Me za ka yi?"

"Zan canja shi, Baba, ya gaji."

"Mutumin da ya yi maka wahala tun ɗazu? Bar shi ya ƙarasa. Ba a cire mutum a gaban jama'a don ya gaji."

Na san kuskure ne, na san shi kamar yadda na san sunana. Amma me na ce? "To, Baba." Na janye hannuna. Ortega ya jefa, rubutu ya fito: an make ta, ta tashi, ta tsallake katanga. Maki biyu, wasa ya ƙare, rukuni ya tafi Al Warsan. Isufu ya so ya yi ihu, ya dubi dattawa, ya haɗiye, ya ce a hankali, "Bon, khalas, shi ke nan, haka Allah Ya so."

A ƙasan bene, mutane na shiga bas, Alhaji ya riƙe ni a gefe. Na fara durƙusawa ya ce in miƙe.

"Ka san ɗan wasan nan da na hana ka cirewa zai jawo maka asara?"

"Na sani, Baba."

"Kuma ka san babu filin wasa tun ranar da ka zo gaishe ni."

"Haka ne, Baba."

"To ka ga, wasan bai dame ni ba. Yaron da ya tashi daga aiki ya zo nan ya zauna, ya fi mini wanda ban san inda yake zuwa ba. Kunyar taka ce ta yi yawa. Kana kallo na ɗauko kilishi na ɗauko mutane, ka yi shiru. Kana kallo na kayar da kai, ka yi shiru. 'Yata zan ba ka, kuma ni mutum ne, wata rana zan sa baki a gidanka in yi kuskure. Ranar ma 'To, Baba' za ka ce?"

Karo na farko na ɗaga kai na dube shi. Na ce, "A'a, Baba. Kuma gaskiya da kun bar ni na cire Ortega, da yanzu mun ci."

Ya yi dariya har sai da ya dafa motar. Ya juya ya ce wa amininsa, "Sale, ashe yana magana." Ni dai abin da na riƙe shi ne kalmar nan da ya faɗa, 'yata zan ba ka. Duk hanyar komawa Al Ras ita nake juyawa a raina, daɗi kamar ya kashe ni, na ma manta an fitar da ni daga gasa. Bai yi sati biyu da komawa Kano ba aka kira iyayena aka sa rana.

Darasin da na koya shi ne, in suruki ya ɗauki zance a karkace, ka gyara masa tun yana zaune, kafin ya yi hayar bas. Yanzu shekaru sun ja, yaranmu sun girma, gasar ma ta daɗe da mutuwa. Amma har yau in na kira shi gaisuwa, bayan ya tambayi Hafsat da yara, sai ya ce, "Yaya Malam Ortega, ya huta kuwa?" Ni kuma sai in ce, "Ya huta, Baba. Na cire shi."