Ranar da Alhaji Tanimu Ya Juya wa Waya Baya

Wannan abu a Funtua ya faru, shekarar da ruwa ya ci katangar makarantarmu. Ko kuwa wadda ta biyo bayanta ce? Ku yi mini uzuri, yanzu shekaru sun hau kan juna a kaina kamar buhuna a sito. Mutumin dai ban manta shi ba, don mijin ƙanwata Uwani ne, Alhaji Tanimu, tsohon dillalin shanu. A kara, kasuwar shanu, ya girma, a kara ya yi furfura, kuma ba da zaƙin baki ya yi suna ba, da ƙeya ya yi. In ya taya sa aka ce masa albarka, ba ya jayayya. Sai ya kaɗe riga, ya juya baya, ya kama tafiya a hankali kamar mai ƙaya a ƙafa. Kafin ya kai turke na gaba za ka ji mai sa yana cewa, “Alhaji, dawo mana, ai ba faɗa ba ne.” Shi da bakinsa yakan ce ƙeyarsa ta ciyar da gidansa fiye da hannunsa.

To, ’yarsu Barira ta gama koyon ɗinki, kuma ranar da aka yaye su Alhaji ya miƙe a gaban jama’a ya ce keken ɗinki a wuyansa yake, kafin azumi ya raba. Da jin haka yarinya ta bi maƙwabta tana karɓar atamfofin Sallah, har suka cika akwati. Da Alhaji ya je kanti ya ji kuɗin sabon keke, sai ya dawo gida yana ta salati. Ga kayan mutane a ɗaki, ga azumi ya kama, babu abin ɗinkawa.

Uwani ce ta kawo dabara. Ita dama zannuwan gado take sayarwa ta waya, ta san kan abin. Ta nuna masa wani shafin gwanjo a intanet, inda ake saka kaya, kowa ya taya, wanda tayinsa ya fi yawa lokacin rufewa shi ke ɗauka. Ga wani keke mai ƙafa, tsohuwar ƙira, irin mai ƙarkon nan, kuma wajen la’asar ɗin ranar za a rufe. Ina gidan a lokacin. Na je karɓar wani littafina ne, ko kuwa mayar da shi na je yi, oho.

Ta ce, “Alhaji, ka saurare ni. Na duba abin da waɗanda suka taɓa sayen kayansa suka faɗa, ba wanda ya yi kuka da shi. Kuɗi kuma ta shafin ake biya, su riƙe sai kaya sun iso. Ko da wasa kada ka tura wa wani a asusunsa. Abu na ƙarshe, lokaci...”

Ya ɗaga mata hannu. “Uwani, ni za ki koya wa ciniki? Ina sayar da bijimi kina goye.”

Ta ce, “Allah ya ba da haƙuri,” ta koma madafa.

Alhaji ya gyara zama, ya ɗora tabarau. Akwai wurin da masu saye ke rubuta tambaya kowa ya gani, to nan ya fara da sallama. Ya tambayi mai kaya gajiya, da iyali, da yadda aka ji da azumi. Shiru. Ya dube ni ya ce, “Malam, mutumin nan ba a yi masa tarbiyya ba.”

Daga nan ya shiga kushe, don a kara ba a taya dabba sai an zage ta tukuna. Ya rubuta cewa keken ya sha wuya, ƙafarsa ta karkace, tsatsa ta ci cikinsa, kuma da gani ya taɓa faɗowa daga mota. Abin da ya rage kawai ya ce a buɗe masa baki ya ga haƙora.

Barira ta leƙo ta kafaɗarsa. “Baba, ai lafiyarsa ƙalau. Dubi yadda yake sheƙi.”

“Rufe mini baki. Mai son kaya ba ya nuna so.”

Ya yi tayinsa, ɗan kaɗan, irin wanda a kara sai an ce maka ka ji tsoron Allah. Ba a jima ba wani ya ɗora a kai. Alhaji ya ƙara. Wancan ya sake ɗorawa. Sai na ga ya yi murmushi, irin na wanda ya gane ƙafar ɓarawo.

“Na gida ne,” in ji shi. “Yaron mai kayan ne, an sa shi ya zuga ni. Yau za su san da wa suke yi.”

Ya rubuta, “To, Allah ya ba da kasuwa.” Ya kifa wayar a kan tabarma, ya miƙe, ya kaɗe riga.

Na ce, “Alhaji, ba ka tafi da ita?”

Ya ce, “Malam, da karatunka. Ka taɓa ganin an juya wa mai kaya baya alhali yana cikin aljihu?”

Ya ce wa Barira kada ta taɓa komai, in waya ta yi ƙara ta biyo shi. Muka fita tare. Ban taɓa ganin tsakar gida ta yi wa mutum nisa haka ba. Ya tsaya neman takalmin da ke ƙafarsa. A zaure ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Duk kunnensa na baya.

“Barira, ya kira?”

“Shiru, Baba.”

“Taurin kai gare shi. Zai kira.”

Muka zauna a dakalin ƙofar gida. Na so in kawo masa wata mas’ala da muka karanta muna samari, game da mai saye da mai sayarwa in sun rabu kafin a ƙulla ciniki, amma kafin in kamo bakin zaren ta tsere mini, na tsinci kaina ina ba shi labarin wani jakin da malaminmu ya saya a Bakori. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Duk yaron da ya gifta sai ya ɗago kai. Har aka kira la’asar, muka yi salla, muka dawo.

Ya ɗauki wayar ya juyo fuskarta. An rufe gwanjo, an sayar.

Barira ta dubi akwatin atamfofin mutane, ta ja mayafi ta rufe fuska. Alhaji ya zauna daɓas. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba. “Ko sau ɗaya bai ce in dawo ba, Malam. Wace irin kasuwa ce wannan da ba a ganin ƙeyar mutum?”

Sai ga Uwani ta fito daga madafa tana share hannu da gefen zane, tata wayar a ɗaya hannun.

“Barira, share hawayenki, jibi keke zai iso. Ina kallo tun ɗazu. Zagin da babanki ya yi wa keken ya kori masu tayi, saura mutum ɗaya. Na bari sai da lokaci ya kusa cika na ɗora sau ɗaya, ban ba shi sukunin ramawa ba.”

Nan take Alhaji ya farfaɗo. “Ka ji ko, Malam? Kushena ne ya yi aiki. Dama na san abin da nake yi.”

Ta ce, “Ƙwarai kuwa. Keke na Barira ne, amma wanda ya miƙe a gaban jama’a ya yi alkawari shi zai biya. Ga abin da na kashe, ga kuɗin mota. Sai la’adata, tunda gidan dillali nake.”

Ya dubi lissafin. “La’ada? A cikin gidana? A cire ta, a rage kuɗin mota.”

“Albarka,” in ji Uwani.

Hali zanen dutse. Alhaji ya miƙe, ya kaɗe riga, ya juya mata ƙeya, ya nufi zaure da tafiyar nan tasa ta mai ƙaya a ƙafa. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya gyaran hula, kunne a baya.

Uwani ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta riga ta zauna tana ta tankaɗen garinta. Ta ce, “Sauka lafiya, Alhaji. Tun da aka kawo ni gidan nan kake fita ta ƙofar nan, ka taɓa jin na kira ka? Da tuwo ya nuna kake dawowa da ƙafarka.”